Tuƙa

Ran Talata motar gwamnati ta hau tudunmu
a Ceredigion, inda ruwan sama ba ya gajiya.
Likitar dabbobi, yarinya ce, sa'ar 'yata Nesta,
ta shafa wuyan shanuna ɗaya bayan ɗaya,
ta rubuta, ta sake rubutawa, kanta a sunkuye.
Tarin fuka, in ji ta. Goma sha tara.
Cikinsu har da Seren mai farin goshi,
wadda na jawo da igiya daga cikin uwarta
daren da ƙanƙara ta toshe hanya.

Ba a gardama da takarda.
Na sa hannu. Alƙalamin ma nata ne.

Da aka kwashe su, garken ya yi mini faɗi.
Ƙarfe huɗu na asuba jikina ya tashe ni
yadda ya saba shekara arba'in,
shi ba a gaya masa ba.

Na zauna a kicin, shayi ya huce a gabana.
Littafin mahaifiyata yana kan kanta,
bangonsa ya sha hannu har ya yi sulɓi.
Kada a yaba mini, ba bangaskiya ce ta sa na buɗe ba,
hannuna ne ya rasa abin riƙewa.

Aya guda, layi biyu da rabi,
an ja mata fensir tun kafin a haife ni.
Na karanta, ba ta ce mini uffan ba.
Busasshiya, sai ka ce ingiricin bara.
Na haɗiye ta haka nan, na ɗauki sanda na fita.

Sha ɗayan da suka rage suna kwance a gindin shinge,
idanu rabi a rufe, muƙamuƙi na juyawa.
Ciyawar da suka yaga tun jiya da yamma
ita suke dawo da ita baki yanzu,
a hankali, babu mai korarsu.
Shekara arba'in ina kallon wannan.
Ran nan na tsaya har ruwa ya cika mini takalmi.

Sai na dawo da ayar.
Na tauna kalmar farko ina ɗaure waya a turke.
Ta uku ta maƙale mini, na yi fushi da ita,
na ce wa Mai ita: ina Kake ran Talata?
Bai amsa ba. Ban tofar ba.

Na tauna ta a banki, a Lampeter,
yaron yana juya mini allon lissafi.
Na tauna ta a majami'a, mu bakwai muka rage,
Idwal yana jan waƙa da muryar da ta tsufa.
Akwai wani dare, ba zan yi ƙarya ba,
da na daɗe tsaye gaban akwatin bindiga.
Bakina yana motsi, ni ban sa shi ba.
Kalma shida na kai, na koma farko,
na kai, na koma,
har taga ta yi fari.
Da hantsi na kai wa Idwal makullin.
Ya sa a aljihu, ya tambaye ni farashin dusa.

Ban ce ayar ta yi zaƙi ba.
Amma wani abu ya soma tsatsowa daga cikinta,
kaɗan kaɗan, gwargwadon wuni guda,
kuma gobe in na dawo da ita, akwai saura.

Jibi kwana sittin ke cika.
Yarinyar za ta dawo da almakashi da takarda.
Nesta ta bugo daga Cardiff: Baba, ka ci abinci?
Na ce mata ina kan ci.
Na sa takalmi. Sha ɗaya suna jiran tatsa.